Rawar Saman a wata gunduma ta tsaunukan Aceh: yadda ta kusa rasa magada, da abin da aka yi a kai

Wurin da mutanensa

Gundumar da wannan nazari ya bi, wato Gayo Lues, tana can tsakiyar tsaunukan lardin Aceh, a arewacin tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya. Mutanenta Gayo ne, Musulmi, kuma harshensu dabam yake da na mutanen Aceh na bakin teku. Sai a 2002 aka yanke ta daga gundumar Aceh ta Kudu maso Gabas ta tsaya da ƙafarta. Ƙidayar 2010 ta sami mutum kimanin 80,000 a cikinta, ta 2020 kuma ta sami kusan 100,000. Babban ɓangaren ƙasarta daji ne, cikin gandun Leuser da gwamnati ta killace. A abin da ya rage ake noman shinkafa cikin kwari, a gangaren tudu kuma kofi da wata ciyawa da ake tatsar man ƙamshi daga ganyenta. Daga nan zuwa Banda Aceh ko Medan tafiyar kusan yini guda ce a mota, kan hanya mai kwana-kwana.

Abin da aka san gundumar da shi wata rawa ce da ake kira Saman. Bahaushen da ya ji an ce rawa zai zaci tashi ake yi a taka, amma a nan ba mai miƙewa. Samari ne ke durƙusawa a sahu ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, kuma yawansu mara ne kullum, ba cika ba, domin a sami mutum ɗaya a tsakiya. Babu ganga, babu kowane irin abin kiɗa. Kiɗan duka daga jiki yake fitowa: tafi, bugun ƙirji, bugun cinya, bugun ƙasa, ƙyasta yatsu. Jiki yana sunkuyawa gaba ya koma baya, kai yana juyawa, wani lokaci kowa tare, wani lokaci ɗaya ya sunkuya na kusa da shi ya ɗago. Ana farawa a hankali, saurin ya yi ta ƙaruwa har ido ya kasa bin hannu, sannan a tsaya cak a bugu ɗaya.

Kowane mazauni a sahun yana da suna da aiki. Na tsakiya shi ne penangkat, jagoran da ke ba da waƙa, yake kuma yanke lokacin da za a sauya motsi. Biyun da ke damansa da hagunsa su ne pengapit, masu tuna masa in ya manta, masu karɓarsa in murya ta gaza. Penyepit su ne masu cike sahu, na ƙarshen kowane gefe kuma penupang, waɗanda ke tokare sahun kada ya karkace. Ita ma waƙar tana da matakai. Ana buɗewa da rengum, wani gunji ƙasa-ƙasa da baki a rufe, daga nan a shiga sallama da ambaton Allah. Redet gajeren baiti ne da mutum ɗaya ke rerawa, saur shi ne amshin sauran, sek kuwa doguwar kira ce da siririyar murya wadda ke sanar da sahu cewa za a juya. Baitocin da harshen Gayo ake yin su, akwai na wa'azi, akwai na nasiha, akwai na soyayya da na barkwanci.

Mutanen wurin suna danganta rawar da wani malami da suke kira Shehu Saman, wanda aka ce ya yi amfani da ita wajen yaɗa addini. Wasu masana kuma suna haɗa irin waɗannan raye-rayen zaune na Aceh da zikirin ɗarikar Sammaniyya ta Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim as-Samman, wanda ya rasu a Madina a 1775. Wannan suna ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ɗarikar ta kafu a Sudan, ta kuma iso Kano ta gidan Ƙadiriyya a zamanin Shehu Nasiru Kabara. Wanda ya taɓa zama a halƙar zikiri ya ga yadda jiki ke bin numfashi zai gane wani abu a Saman tun kafin a yi masa bayani.

Yadda ake koyonta a da

Babu makarantar Saman a da, kuma ba a bukaci ta ba. Kowane ƙauye yana da mersah, ƙaramin masallacin unguwa wanda kuma shi ne ɗakin taro. Yaro idan ya fara tasawa yakan bar kwana a ɗakin iyaye ya koma can wurin sauran samari, kamar yadda samarin Hausa ke kwana a zaure. Bayan sallar isha da karatun Alƙur'ani dare na samari ne. Manya su jera, ƙanana su zauna gefe suna kwaikwayo, yau a gyara wa yaro hannu, gobe a matsa masa wuri a ƙarshen sahu. Kafin ya isa aure ya shekara da shekaru yana yi, ba tare da wani ya taɓa ce masa ga darasi ba.

Akwai kuma wuraren da rawar ke shiga cikin aikin yau da kullum. Saman jejunten ita ce wadda samari ke yi zaune kan gungumen icce, ƙafafu na lilo, don gwada sabon motsi. Saman njik ana yin ta lokacin sussukar shinkafa, idan aka tsaya hutu. Akwai wadda ake yi a bikin aure. Amma uwa uba ita ce bejamu saman, kuma a nan ya kamata a tsaya, domin duk abin da ya faru daga baya yana komawa gare ta.

Bejamu gayyata ce. Bayan girbi, ko a lokacin Sallah ko Maulidi, samarin wani ƙauye sukan aika wa na wani ƙauye cewa su zo. Wata ta dare ɗaya ce, babbar kuwa, wadda suke kira roa lo roa ingi, yini biyu ce da dare biyu. Idan baƙi suka iso, kowane saurayi na gida yakan ɗauki baƙo ɗaya ya kai shi gidansu, ya ciyar da shi, ya ba shi makwanci. Daga ranar sun zama serinen, wato 'yan'uwa. Wannan zumunci ba ya ƙarewa da biki: ana zuwa wa juna biki da ta'aziyya, har 'ya'ya su gada. Bayan wani lokaci baƙin su rama gayyata. 'Yan mata ma suna da tasu rawar a wurin, wadda ake kira Bines.

A filin bejamu sahu biyu ne ke fuskantar juna. Ɗaya ya kawo motsi, ɗayan dole ya bi shi nan take, ko da bai taɓa ganinsa ba. In ya kasa bi, jama'a sun gani. Sannan a juya, mai bi ya zama mai bayarwa. Haka waƙa: jagora zai jefa zambo ko kacici-kacici cikin baiti, na can ya mayar masa ba tare da ya tsaya tunani ba. Saboda haka kowane ƙauye yakan yi makonni yana ƙirƙiro sababbin motsi a ɓoye, kuma yakan nemi saurayin da Allah ya ba murya da kaifin harshe ya reno shi. Kunyar faɗuwa gaban maƙwabta ita ke sa samari atisaye, ciyar da baƙi kuma ita ke sa dukan gari, har mata da tsofaffi, su sa hannu.

1972 zuwa 2005: suna a waje, raguwa a gida

A 1972 aka kai Saman bikin al'adun Aceh karo na biyu a Banda Aceh, kuma daga nan ta fara fita. Uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Tien Suharto, ita ake cewa ta raɗa mata suna rawar hannu dubu. Aka fara gayyatar tawaga zuwa Jakarta, daga baya har ƙasashen waje. Dandamali yana da nasa sharaɗi: mintoci kaɗan, sahu ɗaya mai fuskantar 'yan kallo, motsi da baitocin da aka riga aka haddace. Abin da duniya ta fara sani da sunan Saman ke nan.

A gida kuwa abubuwa da dama suka taru a kanta. Rikicin 'yan awaren Aceh da gwamnatin tsakiya ya fara a 1976. Daga 1989 zuwa 1998 lardin yana ƙarƙashin dokar aikin soja, a watan Mayun 2003 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci ta soja. A irin wannan yanayi taron samari da dare, ko tafiyar ayari daga ƙauye zuwa ƙauye, abin tsoro ne a sassa da yawa na Aceh. Sai bayan ambaliyar teku ta 26 ga Disamba 2004, wadda ta share bakin tekun lardin amma ba ta kai tsaunuka ba, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Helsinki ranar 15 ga Agusta 2005.

Zaman lafiya ya dawo, amma bai tarar da mersah yadda ya bar ta ba. Wutar lantarki da talabijin sun shiga gidaje, yara suka fara kwana a gida. Wasannin zamani suka cinye daren da a da na atisaye ne. Wanda ya gama sakandare yana son ci gaba sai ya tafi Banda Aceh ko Medan ko tsibirin Jawa, a daidai shekarun da ya kamata ya matso tsakiyar sahu. Ga kuma tsada. Rigar Saman baƙa ce mai surfani na zare ja, rawaya, kore da fari, wanda suke kira kerawang, haɗe da ɗaurin kai da zane, kuma kowane mai rawa sai da tasa. Ciyar da baƙi yini biyu da dare biyu ma ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne ga manomi. Bejamu ta fara jinkiri, tazarar da ke tsakanin wata da wata ta yi ta faɗaɗa, jagororin da suka san sirrin abin suka tsufa ba su ga wanda za su miƙa wa ba.

Bayan 2000: sunan ya koma kan wata rawar

Ana cikin haka wata matsala ta taso daga inda ba a zata ba. A Jakarta wani mai koyar da rawa ɗan Aceh, Yusri Saleh, ya harhaɗa motsi daga raye-rayen zaune na bakin tekun Aceh ya fitar da wata sabuwa, wadda daga baya aka sani da Ratoh Jaroe. Makarantun sakandare na babban birnin suka rungume ta, musamman bayan ambaliyar 2004 da ta sa idon kowa ya koma Aceh. Ta zama abin da 'yan mata ke yi bayan tashi daga aji, ana gasa, ana kai ta bukukuwan ƙasashen waje. Kusan kowa kuma Saman yake kiranta.

Bambancin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya sani. Ratoh Jaroe mata ke yi, yawansu cika ne, waƙar da harshen Aceh, tufafin masu launi ne masu ƙyalli, kuma mai waƙa yana zaune a gefe yana buga ganga mai fuska ɗaya da ake kira rapa'i. Saman maza ke yi, yawansu mara, da harshen Gayo, cikin baƙar riga, jagora yana cikin sahu, ba ganga. Rawa ce mai kyau ita ma Ratoh Jaroe, kuma 'yan matan da ke yin ta ba su yi wa kowa laifi ba. Amma ga ɗan Gayo abin da ciwo: duk wanda ya dubi makarantun Jakarta zai ce ai Saman ta fi kowace rawa lafiya, alhali ainihin mai sunan tana ramewa a tsaunuka.

2010 zuwa 2011: kai ƙara gaban duniya

Indonesiya ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan al'adun gado a 2007, kuma kafin a zo kan Saman an riga an yi wa wasan 'yar tsana na wayang, da wuƙar keris, da rinin batik, da abin kiɗan gora na angklung rajista. Duk waɗannan sun shiga jerin da ke nuna abin alfaharin ƙasa. A 2010 jami'an bincike na ma'aikatar al'adu suka je gundumar, suka tattauna da jagorori da dattawa da hukuma, aka shirya takarda. Wannan karon wani jeri dabam aka nema, na al'adun da ke bukatar ceto cikin gaggawa. Neman shiga wannan jeri amsa laifi ne a bainar jama'a, domin ƙasa ce ke cewa da bakinta ga abin da ke neman kuɓuce mata.

Ranar 24 ga Nuwamba 2011, a taron kwamitin UNESCO da aka yi a tsibirin Bali, aka karɓi Saman. Dalilan da aka rubuta su ne waɗanda aka ambata a sama: yawan yin rawar na raguwa, jagorori sun tsufa ba magada, sababbin nishaɗi sun maye gurbin koyon gargajiya, matasa na barin gida don karatu, kuɗin tufafi da na taro sun yi yawa. Shiga jerin yana zuwa da wajibi, domin duk bayan shekara huɗu sai gwamnati ta kai rahoton abin da ta yi. Shirin da aka gabatar ya ƙunshi shigar da rawar makarantu, horar da masu koyarwa, tallafa wa ƙungiyoyin rawa, adana baitoci da motsi a rubuce da hoto, da farfaɗo da koyo a mersah.

2012 zuwa 2014: an kai ta aji

Hanyar da ta fi sauƙin buɗewa ita ce ta makaranta. Tun manhajar 1994 tsarin ilimin Indonesiya ya ware wani gurbi da ake kira muatan lokal, inda kowane yanki ke koyar da abin da ya ga ya dace da shi, harshe ne ko sana'a ko fasaha. Akwai ma misali a gaba: a birnin Pekalongan na Jawa an shigar da rinin batik makarantu ta wannan gurbi, har UNESCO ta sa shirin cikin jerin kyawawan hanyoyin kiyaye al'ada a 2009. Gundumar ta bi wannan sawu. Saman ta shiga makarantu, a matsayin darasin gida da kuma aikin bayan aji, aka horar da masu koyarwa, aka fara gasa tsakanin makarantu da tsakanin ƙauyuka. A watan Disamba 2012 aka yi babban taro kan Saman a Jakarta, inda aka kawo masu raye-rayen zaune daga wurare dabam-dabam, aka zauna kan tarihinsu da bambancinsu. A 2014 gwamnati ta buɗe babbar cibiyar koyar da fasaha da al'adu ta Aceh a garin Jantho.

Aji ya yi abin da aji ya iya. Yaron da ba ya kwana a mersah yanzu yana haɗuwa da rawar a makaranta, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannu ya koyi bugu, gwiwa ta saba da durƙuso, kunne ya saba da sek. Yara da yawa suka iya jerin motsi daga farko zuwa ƙarshe ba kuskure.

Inda aji ya tsaya shi ne inda Saman ta fara zurfi. Darasi mintoci ne ƙididdigaggu a mako, alhali mersah kowane dare ce. Malami yana bukatar abin da zai iya aunawa ya ba da maki, don haka jeri ɗaya tsayayye ake koyarwa, da baitocin da aka rubuta aka haddace. Gasa ma tana da agogo da alƙalai, kuma abin da alƙali ke iya gani shi ne daidaituwar hannu da sauri. Ba a ba da maki kan mayar da zambo nan take, domin babu sahu na biyu da zai jefo shi. Tsofaffin jagorori, waɗanda ilimin ke ƙirjinsu, galibi manoma ne marasa takardar koyarwa, don haka baƙi suke a makaranta idan an gayyace su. Sannan ga harshe: yaron da ke karatu da harshen Indonesiya tun daga aji ɗaya zai iya haddace baitin Gayo, amma ƙirƙirar sabo cikin salon magana na dattawa, mai habaici da karin magana, wannan sai wanda ya tashi cikinsa.

2014 da 2017: taron dubbai

Ranar 24 ga Nuwamba 2014, shekara uku cif da rajistar, hukumar gundumar ta tara masu rawa 5,057 a filin wasa na babban garinta, suka yi Saman lokaci ɗaya. Hukumar adana bajinta ta Indonesiya, MURI, ta rubuta shi. Ranar 13 ga Agusta 2017 aka maimaita. An sa wa taron suna da adadin 10,001, amma waɗanda suka durƙusa a filin sun haura 12,000, a gundumar da dukan mazanta, har da jarirai da tsofaffi, ba su kai 50,000 ba. Baitocin wannan karon sun haɗa da kira a kiyaye dajin Leuser. Hotunan sun zaga duniya: sahu bayan sahu na baƙaƙen riguna, hannuwa dubbai a sama lokaci ɗaya.

Rana ɗaya aka yi kowane taro, amma shirinsa ya ɗauki lokaci mai tsawo, kuma a ƙauyuka aka yi shi. Kowane ƙauye sai da ya fitar da mutanensa. Magidantan da suka daɗe da barin sahu suka koma, suka zauna kusa da 'ya'yansu. Kowane mai rawa yana bukatar riga, don haka masu surfanin kerawang suka sami aiki, rigunan kuma ba su ɓace bayan taro ba, suna nan a ƙauyuka. A ɗaya ɓangaren, mutum dubu goma sha biyu ba za su iya bin motsin da ba su sani ba. Dole aka tsara jeri ɗaya mai sauƙi kowa ya haddace, ana ba da waƙa ta lasifika. Ƙauyukan da kowannensu ke alfahari da salonsa duk suka yi abu iri ɗaya a ranar.

A wannan tsakani dokoki biyu na ƙasa suka canza yanayin. Dokar ƙauyuka ta 2014 ta sa daga 2015 kuɗi suna zuwa daga gwamnatin tsakiya zuwa asusun kowane ƙauye, jama'ar wurin su yanke abin da za a yi da su. Dokar bunƙasa al'adu ta 2017 kuma ta wajabta wa kowace gunduma ta rubuta abin da take da shi na al'ada da yadda za ta kula da shi.

2018 zuwa 2024

Ranar 18 ga Agusta 2018, a bikin buɗe wasannin Asiya a Jakarta, 'yan mata 'yan sakandare kimanin 1,600 suka yi rawar zaune da ta burge duniya. Ratoh Jaroe ce, amma mutane da yawa suka kira ta Saman. Wannan karon gyaran ya zo da sauri, daga 'yan Gayo da masana, jaridu suka yi ta bayanin bambancin, sunan Ratoh Jaroe ya fara zama a bakin jama'a. A 2020 annobar korona ta dakatar da taruka da makarantu, daga baya aka dawo, bejamu ma ta ci gaba a ƙauyuka.

Akwai ma'auni ɗaya da ba ya bukatar gardama. A taron Bali na 2011 an sa waƙar Xoan ta ƙasar Biyetnam a jerin gaggawa tare da Saman. A 2017 aka cire Xoan daga jerin aka mayar da ita na al'adun da suka tsaya da ƙafarsu. A watan Disamba 2024, lokacin da wasan Reog na Ponorogo, shi ma na Indonesiya, ya shiga jerin gaggawa, ya tarar da Saman tana nan a ciki.

Abin da ya ci, abin da bai ci ba

A ganina an ceto rabin abin, kuma rabin da aka ceto ba ƙarami ba ne. A 2010 tsoron shi ne a wayi gari samari ba su iya rawar ba. Wannan tsoro ya kau. Makaranta ce ta kawar da shi, domin ita kaɗai ke riƙe da kowane yaro a shekarun da mersah ta saki. Rajistar UNESCO ta yi amfani ta hanyar da ba a cika faɗa ba: ta ba hukumar gunduma hujjar ware kuɗi, ta ɗaure gwamnatin tsakiya da rahoto, ta kuma rubuta a fili cewa Saman ta Gayo ce, ta maza ce, ba ganga. Da wannan rubutu aka yi gyaran 2018.

Tarukan 2014 da 2017 na fi ganin amfaninsu a makonnin atisaye da rigunan da suka bari fiye da lambar bajinta. Sun taɓa matsalar tsada kai tsaye, sun kuma sa uba da ɗa a sahu ɗaya. Amma adadin da suka fitar yana iya ruɗar mai tsara manufa, domin abin da aka ƙirga ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Takardar 2011 jagorori ta ce sun tsufa ba magada. Sahu mai mutum goma sha biyar penangkat ɗaya yake bukata, filin mutum dubu goma sha biyu ma da lasifika muryoyi kaɗan sun ishe shi. Ana iya ninka masu rawa sau goma ba a ƙara jagora ko ɗaya ba.

Jagora kuwa a bejamu ake yin sa. A can ne kawai ake tilasta wa saurayi ya ƙirƙira, ya saurara, ya mayar, gaban mutanen da za su tuna faɗuwarsa shekara mai zuwa. Aji da dandamali da filin wasa duk sahu ɗaya suke da shi, mai fuskantar 'yan kallo. Bejamu ce ke da sahu biyu. Ita ce kuma ta fi wuyar tallafawa daga ofis, domin kuɗinta shinkafa ce da kifi da makwancin baƙo, ba ta da ranar da za a gayyaci manyan baƙi su yanke kyalle, sakamakonta kuma ba ya shiga jadawalin rahoto. Duk da haka ita ta haifi rawar, kuma inda ta ci gaba saboda serinen ne, domin mutum ba ya ƙin rama gayyatar ɗan'uwansa.

Abin da ya rage a gundumar aiki ne mai arha idan aka kwatanta shi da taron dubbai, sai dai yana son haƙuri. A ba tsohon penangkat matsayi da albashi a makaranta ko da ba shi da takarda, a bar shi ya zaɓi yara biyu ko uku masu murya ya riƙe su shekaru. A mayar da gasar makarantu ta zama sahu biyu masu fuskantar juna, a ba da maki kan bin motsin da ba a sani ba da kan baitin da aka yi a wurin. A koyar da harshen Gayo tare da rawar, har da habaicinsa. Kuɗin ƙauye da ke zuwa tun 2015 su ɗauki wani kaso na ciyar da baƙin bejamu. A rahoton da za a kai wa UNESCO nan gaba kuma, kusa da adadin masu rawa, a rubuta bejamu nawa aka yi a shekara, da jagorori nawa ne 'yan ƙasa da shekara talatin za su iya riƙe tsakiyar sahu yini biyu da dare biyu.